Kayan gwaji uku, alƙaluma uku: wanne zan gaskata kan asarar fakiti?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da kwamfutoci da hanyar sadarwa a wani kamfani da ke da babban ofishi a Kano da reshe a Kaduna. Mun karɓi hayar layi mai ɗaukar megabit 100 a sakan tsakanin ofisoshin biyu. Da na gwada shi da iperf3 ta hanyar UDP a kan megabit 100, sai ya nuna asarar fakiti kashi 8 cikin 100, wani lokaci har 12. Da na yi ping, ko fakiti ɗaya bai ɓace ba. Shi kuwa mtr ya nuna asarar kashi 40 a zango na uku, amma a zangon ƙarshe sifili. Kwafar fayil ta layin tana tafiya da kusan megabit 90. Masu layin sun ce lafiyarsa ƙalau, shugabana kuma yana jiran rahoto. Wanne zan gaskata?"

Wa'alaikumus salam Malam. Idan na fahimce ka da kyau, kana riƙe da shaidu huɗu ne a kan layi ɗaya, biyu suna cewa yana yoyo, biyu suna cewa lafiya lau, kuma kana son sanin wanda za ka rattaba hannu a kansa kafin ka tuhumi masu layin. Bisa abin da ka zayyana, zatona mafi ƙarfi shi ne layin ba ya zubar da kashi 8 cikin 100 a aikinsa na yau da kullum, yadda aka shirya gwajin ne ya haifar da yawancin asarar. Sai dai zato ba ya shiga rahoto, don haka zan bi da kai ta hanyar da ni kaina nake bi idan irin wannan ta same ni.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a rai shi ne babu wata manhajar gwaji da ke ganin fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai da ake aikawa ta layi, yana mutuwa. Abin da take yi kawai shi ne ta aika fakitoci masu lamba a jere, ta ƙirga waɗanda suka iso hannunta cikin wa'adin da ta ɗiba, duk wanda ba ta gani ba ta rubuta shi a matsayin asara. Takardar ƙa'ida ta RFC 2680 da ta fito a 1999, wadda RFC 7680 ta maye gurbinta a 2016, ta yi la'akari da wannan, shi ya sa ta wajabta wa mai awo ya faɗi irin fakitin da ya yi amfani da shi da tsawon jiran da ya yi kafin ya yanke hukuncin cewa ya ɓace. Saboda haka kalmar asara tana rufe abubuwa daban-daban: fakitin da ya mutu a kan layi, da wanda ya iso lafiya amma kwamfutar gwajin ta zubar da shi, da wanda ya makara, da wanda aka tambayi wata na'ura ta amsa ta ƙi amsawa. Na farkon kaɗai ne laifin masu layi.

Kashi 40 na mtr

Wannan shi ne mafi sauƙin sallama. Domin gano zangunan hanya, mtr yana aika fakitoci da aka ƙayyade musu yawan tsallaken da za su yi, ta yadda wa'adin kowanne zai ƙare a wata rauta ta tsakiya, wato na'urar da ke miƙa fakitoci daga zango zuwa zango, ita kuma ta maido da saƙon sanarwa na ICMP cewa wa'adi ya ƙare. Wucewa da fakitocin jama'a aiki ne da manyan rautoci ke yi a sassan da aka ƙera musamman domin sauri, amma rubuta wannan amsar aiki ne na ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da rautar, kuma da gangan ake taƙaita yawan amsoshin don kada a dame ta. Ko Linux ma, a saitinsa na asali, yana taƙaita irin waɗannan saƙonni. Kamar mai gadin ƙofar tasha ne da ke ɗaga wa motoci sanda ba fashi, amma ba kowace sallama yake amsawa ba, rashin amsa sallamarsa bai nuna motoci ba sa wucewa ba. Da a ce zango na uku yana zubar da kashi 40 da gaske, da dole asarar ta bi dukkan zangunan da ke bayansa har ƙarshe, tunda ta cikinsa fakitocinsu ke ratsawa. Tunda zangon ƙarshe sifili ne, ka share wannan adadi daga rahotonka.

Sifilin ping ma ba wanke layi ya yi ba

Kada kuma ka yi saurin dogara da ping don ya faɗi abin da ke da daɗin ji. Mike Muuss ya rubuta shi a 1983 domin binciken wata matsala da ya gani a hanyar sadarwar wurin aikinsa, aikinsa kuma shi ne ya aika wa wata na'ura fakiti ya ga ko ta amsa da tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. A yadda ya zo, fakiti ɗaya yake aikawa a sakan, mai ɗauke da bayit 56 a Linux ko 32 a Windows, kuma na Windows fakiti huɗu kawai yake aikawa ya tsaya, ta yadda ɗaya ya ɓace sai ka ga an rubuta kashi 25. Masu aiki da na'urorin Cisco kuma sun saba da ganin fakitin farko cikin biyar ya faɗi yayin da ake neman adireshin maƙwabciya ta ARP, a sami kashi 80 na nasara a kan layin da babu abin da ya same shi.

Akwai wata ƙa'idar lissafi da nake so ka riƙe: idan ka aika fakiti guda kaza ba ka rasa ko ɗaya ba, abin da za ka iya faɗa da tabbacin kashi 95 shi ne asarar ba ta wuce uku a raba da wancan adadi ba. Ping 100 marasa asara suna nufin asarar tana iya kaiwa kashi 3 ba ka gani ba. Idan yarjejeniyarku da masu layi ta yi maganar kashi 0.1, kana buƙatar aƙalla fakiti 3,000 kafin bakinka ya buɗe. Ka gwada ping -c 3000 -i 0.2 -s 1400, wanda zai ɗauki minti goma, ka yi shi sau ɗaya layin yana hutawa, sau ɗaya kuma ana tsakiyar aiki. Ka tuna kuma ping tafiya da dawowa yake aunawa a haɗe, ba zai gaya maka ko a hanyar Kaduna aka yi asarar ko a hanyar dawowa Kano ba.

Shaidar da na fi ba nauyi cikin huɗun ita ce kwafar fayil, wadda ka ambata kamar a gefe. TCP, ƙa'idar aika bayanai da kwafar fayil ke bi, yana ja da baya sosai duk lokacin da ya ga asara, kuma Matthew Mathis da abokan aikinsa sun fitar da lissafin wannan a 1997. Bisa lissafin nasu, idan tafiya da dawowa tana ɗaukar milisakan 10, kowane fakiti yana ɗauke da bayit 1460, asara kuma kashi 8 ce, zare ɗaya na TCP ba zai wuce kusan megabit 5 a sakan ba. Kai kuwa kana samun 90. Ƙiyasi ne, an gina shi a kan tsohon salon TCP, kuma ba ya aiki a kan salon BBR na Google wanda ba ya firgita da asara haka, ko idan manhajar kwafar tana buɗe zaruruwa da yawa a lokaci guda. Amma tazarar da ke tsakanin 5 da 90 ta yi faɗin da ba za a ɗora ta a kan kuskuren ƙiyasi ba.

Inda gizo ke saƙar: iperf3

Aikin iperf3 shi ne tura fakitoci tsakanin kwamfutoci biyu da gudun da ka zaɓa, don haka mu fara da adadin da ka ba shi. Idan ka rubuta -b 100M, iperf3 kayan da ke cikin fakitin kaɗai yake ƙirgawa, ban da marufinsa. Ɗauki fakiti mai bayit 1460: UDP zai ƙara 8, IP ya ƙara 20, Ethernet ya ƙara 18, sannan akwai wasu 20 na share fage da tazarar da ake bari tsakanin fakiti da fakiti a kan waya. Jimla 1526 ke nan, wato kayan da ke ciki kashi 95.7 ne kawai na abin da ke bin waya. Idan katin kwamfutarka na gigabit ne, layin da ke gaba kuma na megabit 100 ne cif, to ka tura masa fiye da abin da zai iya ɗauka da kusan kashi 4, kuma UDP ba ya rage gudu don ya ga ana zubarwa. Idan akwai ramin VPN a tsakani, marufin ya ƙaru, rami irin na GRE kaɗai bayit 24 yake ƙarawa, na IPsec ya fi haka. Idan kuma da rana ka yi gwajin, ma'aikata suna aika wasiƙu suna buɗe manhajar lissafin kuɗi ta layin, to sauran kashi 4 zuwa 8 ɗin ba su da wuyar samu. Wanda ya cika tulu ya ci gaba da zuba ruwa bai kamata ya ce tulun ya fashe ba.

Maganin wannan shi ne gwajin hawa-hawa. Bayan an tashi daga aiki, ka gwada megabit 10, sannan 30, 50, 70, 90 da 95, kowanne na sakan 60, ka rubuta asarar kowane mataki. Siffar da alƙaluman suka yi ita ce za ta nuna maka hanya. Idan sifili ne har 90 sannan asara ta ɓullo, layin ya cika alkawarinsa. Idan asarar kusan iri ɗaya ce a kowane mataki, har a megabit 10, to akwai lahani na zahiri, kebul ko mahaɗar fayiba mai datti ko rediyo mai raunin sigina. Idan kuwa ta fara ɓullowa a tsakiya tana ƙaruwa a hankali, sai ka tuhumi kwamfutar da ke karɓa ko na'urar ƙayyade gudu ta masu layi. Wajen karanta sakamako, layin da aka rubuta receiver a ƙarshensa za ka duba, domin mai aikawa ba shi da labarin abin da ya ɓace. Ka maimaita komai da -R domin juya alƙiblar gwajin, tunda ba dole ba ne ɓangarorin biyu su zama daidai.

Kwamfutar da ke karɓa ita ce wadda na fi kamawa da laifi a aikina. Fakitin UDP idan ya iso, kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, yana ajiye shi a wani ɗan rumbun jira har manhajar ta zo ta ɗauka, idan rumbun ya cika sai a zubar da sababbin da suka iso ba tare da sanarwa ba, iperf3 kuma ya ƙirga su a asara tamkar a hanya suka mutu. A yawancin na'urorin Linux da na taɓa, iyakar rumbun bayit 212,992 ce. A gudun megabit 100 wannan bai wuce ajiyar milisakan 17 ba, a gigabit kuma ƙasa da milisakan 2, a aikace ma bai kai haka ba domin kanel yana cin wani kaso wajen lissafin kansa. Ya isa kwamfutar ta shagala da wani aiki na ɗan ƙiftawar ido, ko ta kasance kwamfutar cikin kwamfuta da ke rabon ƙwaƙwalwa da wasu, rumbun ya tumbatsa.

Na taɓa shafe kwana biyu ina kai ruwa rana da wani kamfanin layi kan asarar da nake gani, har na tura musu hotunan sakamako da kakkausar wasiƙa. A yammacin kwana na biyu ina zaune a ƙasa cikin ɗakin sabobi na wani reshe, tsohuwar kwamfutar cinya a kan kwalin takarda, an jona mata waya ta wani ɗan adaftan USB da ya yi zafi har ba ya taɓuwa, sai na ga dama na rubuta netstat -su kafin gwaji da bayansa. Layin da ke cewa receive buffer errors ya ƙaru da adadin da ya yi kusan daidai da fakitocin da iperf3 ya ce sun ɓace. Fakitocin sun yi tafiyarsu lafiya, a bakin ƙofata na zubar da su. Washegari na rubuta wasiƙar ban haƙuri, kuma tun daga ranar ba na kai kwamfuta gwajin layi sai na fara jona ta da abokiyar gwajinta da gajeren kebul a kan tebur ɗaya, na tabbatar su biyun suna iya gudun da nake nema ba asara. Wannan gwaji na minti biyar da na yi shi tun farko da ya cece ni daga jin kunya.

Idan ka ga wannan ma'auni yana hawa, ka ɗaga iyakar rumbun, wato net.core.rmem_max, da sysctl, sannan ka ba iperf3 zaɓin -w 4M, domin -w ba ya iya wuce iyakar da kanel ya sa. Ka duba ethtool -S ka ga ko katin kansa yana zubarwa, ethtool -g kuma zai nuna maka girman layin jiran katin da iyakar da za a iya kai shi. Ka kuma duba sigar iperf3 a ɓangarorin biyu. Kafin sigar 3.16 da ta fito a ƙarshen 2023, dukkan aikinsa a kan zare ɗaya na ƙwaƙwalwa yake gudana, ko da ka buɗe magudanai da yawa da -P.

Girman fakiti ma yana iya kumbura adadin. Tsofaffin sigogin iperf3 suna aika saƙon UDP mai kilobayit 8, wanda dole a yanka shi gida shida kafin ya bi layin da iyakarsa bayit 1500 ce, kuma yanki ɗaya ya ɓace dukan saƙon ya tafi. Da haka asarar kashi 1 ta gaskiya sai ta bayyana kusan kashi 6. Ko a sabuwar siga, ramin VPN ko PPPoE, wanda ke rage iyakar zuwa 1492, yana iya jawo yankan. Ka gwada ping -M do -s 1472, idan bai wuce ba ka riƙa ragewa har ka sami girman da ke wucewa, a gwajin iperf3 kuma ka sa -l 1400 ko ƙasa da haka ka huta.

Saura na'urar ƙayyade gudu. Sau da yawa layin da aka sayar maka a matsayin megabit 100 tashar gigabit ce aka ɗaure ta, kuma ɗaurin iri biyu ne: akwai mai jera rarar fakitoci ya sake su a hankali, akwai mai zubar da duk abin da ya wuce kason da aka yanka nan take. Katin gigabit ba ya aika komai da gudun megabit 70, yana aika gungu ne da cikakken gudunsa sannan ya yi shiru, matsakaicin ne ke zama 70. Idan ɗaurin mai zubarwa ne kuma an ba shi ƙaramin hurumin gungu, zai datse wutsiyar kowane gungu alhali matsakaicin gudunka bai kai iyaka ba. Wannan asara ce ta gaskiya, amma ba lalacewar layi ba ce, saiti ne. Ka tambayi masu layin irin ɗaurin da suka yi da girman gungun da suka yarda da shi, a naka ɓangaren kuma ka sa rautarka ta riƙa jera fakitoci a ɗan ƙasa da megabit 100 kafin su fita.

Ƙirge a bakin kowace ƙofa

Idan duk wannan bai warware ba, sai a koma ƙirge. Ka kunna tcpdump, manhajar da ke kama fakitocin da ke shige da fice, a kwamfutocin biyu a kan tashar UDP 5201, ka taƙaita abin da yake kamawa da -s 96 don kada ya nauyaya wa na'urar, ka yi gwaji ɗaya, ka kwatanta adadin da ya fita da wanda ya shiga. Amfanin wannan shi ne tcpdump yana ganin fakiti kafin ya shiga rumbun jiran manhaja, don haka idan ya ƙirga su cif a Kaduna amma iperf3 ya ce an yi asara, magana ta ƙare, a cikin kwamfutar aka zubar. Sai dai shi ma mai ƙirgen yana iya yin ɓarin nasa, ka karanta layin packets dropped by kernel da yake bugawa idan ka tsayar da shi, in ba sifili ba ne ƙirgen bai inganta ba. Haka nan idan ta tashar madubi ta suwic kake kamawa, ka sani cewa kwafar shige da fice na tasha ɗaya zuwa tasha mai gudu iri ɗaya yana iya fin ƙarfinta.

Daga nan ka bi tashoshin suwic da rauta ɗaya bayan ɗaya, ka share ma'aunansu kafin gwaji ka karanta bayansa. Kurakuran CRC, wato fakitocin da suka iso a lalace, suna nuni ga kebul, mahaɗa ko hasken fayiba. Zubarwa a wajen fita tana nuni ga cunkoso. Idan ka ga karo na makara (late collisions) a tashar megabit 100, to gefe ɗaya an kafe shi a kan aikawa da karɓa lokaci guda, ɗayan kuma an bar shi ya zaɓa da kansa ya faɗa salon karɓa-karɓa, tsohuwar cuta ce amma har yanzu ina cin karo da ita a inda na'urar masu layi ta haɗu da ta abokin ciniki. Kada kuma ka yi ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan ta Wi-Fi.

Akwai asarar da gwajin minti ɗaya ba zai taɓa kamawa ba, domin da lokaci take tafiya. Idan wani yanki na layinku rediyo ne mai aiki sama da gigahaz 10, ruwan sama mai ƙarfi na Yuli da Agusta yana raunana siginarsa, idan kuma wata na'ura a hanya ba ta da batir mai kyau, duk sauyi daga wutar gari zuwa janareta zai bar giɓi. Irin wannan sai awo mai ɗorewa na mako ɗaya ko biyu, da manhaja irin SmokePing, ko da TWAMP na RFC 5357 ta 2008 idan na'urorinku suna da shi. Domin karɓar layi a hukumance kuma, ka nemi masu layin su yi gwajin Y.1564 na ITU-T a gabanka da na'urar gwaji ta musamman. Wasu za su kawo maka RFC 2544, amma wannan domin ɗakin gwaji aka tsara shi, har RFC 6815 ta 2012 ta yi gargaɗi kan amfani da shi a layin da jama'a ke aiki a kai.

Iyakar abin da zan iya daga nan ke nan, domin ban ga na'urorinka ba, kuma umarnin da na kawo na Linux ne inda na fi yin aiki, idan Windows ce a ɗaya gefen gara ka tayar da kwamfutar da Linux daga filashi na tsawon gwajin. Ƙirgen da na bayyana zai nuna maka ko fakiti ya mutu tsakanin ƙofarka ta Kano da ta Kaduna, amma ba zai nuna maka a wace na'ura ta masu layi ya mutu ba, wannan sai su buɗe nasu ma'aunan. Ga shugabanka, ka nemi ya ƙara maka kwana biyu. Idan ka gama, ka turo mini sakamakon matakan nan shida ta kowace alƙibla, da abin da netstat -su ya nuna kafin gwaji da bayansa, da sigar iperf3 ta kowane gefe, mu duba tare.